Baturan Maraɗi

Ƙarfe uku da 'yan mintuna na ranar Juma'a Hajiya Na'ima ta dawo daga gidan ta'aziyya, ta tarar da ƙofar sito a wangale, kwaɗon a yashe a ƙasa. Batura biyu da inbata ɗaya, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida, da ta bari suna caji tun safe, babu su babu dalilinsu. Kafin ta gama salati mijinta, Injiniya Sharhabil Datti, ya buga waya ofishin 'yan sanda. Kafin a kira la'asar an tisa ƙeyar maigadin gidan zuwa caji ofis. A Unguwar Rimi idan babban mutum ya ɗaga waya, motar 'yan sanda ba ta rasa mai.

Sufeto Bara'atu Lawan aka miƙa wa fayil ɗin. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, kuma babu abin da ke tayar mata da hawan jini irin fayil ɗin da ya zo da amsarsa a goshi. DPO ya gaya mata a tsaye, yana laluben makullin motarsa, cewa magana a fili take: kayan nan Nijar za a kai su, maigadin ɗan Nijar ne, ta rubuta a tura shi kotu ranar Litinin. Ta ce to, ranka ya daɗe. Sai da ta fito waje ta saki tsakin da ta riƙe, ta ce wa Kofur Sadiq ya tayar da mota.

Damina ce, ta shekarar da sojoji suka karɓe mulki a Yamai. An rufe iyaka, manyan motocin albasa da na wake sun yi layi a bakin shinge kaya na lalacewa, sannan aka ɗora da yanke wutar lantarkin da Najeriya ke sayar wa Nijar, wai don a matse su har su sauko. Waɗanda suka yanke shawarar suna da janareta. Waɗanda aka yi don a matse su ma suna da janareta. Wanda abin ya faɗo wa a ka shi ne irin mahaifiyar Hajiya Na'ima.

A kicin Hajiyar ta yi wa Bara'atu bayani, idanunta jajur amma babu hawaye. Haifaffiyar Maraɗi ce, shekararta ashirin da shida da aure a Kaduna. Innarta tana can, tsohuwa mai ciwon huhu, numfashinta yana rataye da wata na'ura mai ba da iska wadda ba ta aiki sai da wuta. Tun da aka yanke layin, wuta takan zo awa biyu ta ɗauke. Ƙanen Hajiya ya samo farantan sola, amma batir ya yi ɓatan dabo a garin, rana na faɗuwa na'urar ta tsaya. Tukunyar iskar da suka aro daga wani asibiti suke lallaɓawa, likita kuma ya ce ba za ta wuce daren Lahadi ba. Shi ya sa Hajiya ta sayar da sarƙarta ta gwal ta sayi kayan, ta sa mai gyaran wuta ya jona su a sito su cika fal, direba zai ɗauka gobe Asabar bayan azahar.

"Ni ba ɓarawo nake nema ba, Sufeto," in ji ta. "Kayan nake nema, kafin azahar ɗin gobe."

Injiniya Sharhabil yana falo, ya harɗe a kujera, farar shadda tana ƙyalli. Babban jami'i ne a ma'aikatar da ke kula da manyan layukan lantarki, kuma bai bari Bara'atu ta zauna ba sai da ya sanar da ita haka. Ya ce shi ya fita masallaci wajen ƙarfe biyu, ya dawo daf da uku, abin da ya sani ke nan. Da ta tambaye shi abin da ya sa yake zargin maigadin, sai ya buɗa hannuwa, ya ce ai ta san halin mutanen can, yanzu da wuta ta yi musu wuya ko tocila suka gani sai sun ɗauke. A gaban matarsa ya faɗi haka, tana tsaye riƙe da tiren ruwa. Daga nan ya zarce da lacca, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce wuta ita ce sanda ɗaya tak da ƙasar nan ke da ita a kan maƙwabtanta, kuma mako uku na duhu ya isa ya dawo da kowa kan teburi. Bara'atu ta dube shi ta ji kamar ta watsa masa ruwan tiren, amma ta rubuta "ƙarfe biyu" a littafinta ta miƙe.

Siton ƙaramin ɗaki ne a bayan gida. Ta tsuguna ta ɗauki kwaɗon. Da zarto aka yanke shi, amma da ta shafa simintin bakin ƙofar ba ta ga garin ƙarfe ko ƙwaya ɗaya ba. A ciki, kantar da baturan suka zauna ta bar shatarsu a ƙura. Manyan wayoyi biyu suna reto daga bango, an naɗe bakin kowacce da baƙin salatif tsaf, notinansu kuma an jera su a gefe da wasoshinsu. A jikin bango akwai makunnin da ke kawo wuta ɗakin. An sauke shi ƙasa, an zura siririyar waya ta ramin hannunsa an murɗe, an ɗaura masa wani yankin jan ƙyalle.

Kofur Sadiq ya ce wataƙila asiri ne, ya ji ana cewa mutanen can suna ɗaure gida kafin su yi sata. Bara'atu ta ce ya rufe mata baki, kuma kada kowa ya taɓa. Ta ɗauki hotuna, ta zagaya katanga. Wayar reza ce a samanta ko'ina, har yanar gizo-gizo tana nan ba a taɓa ba. Batir ɗaya kuwa, in ji takardar shagon, nauyinsa ya kusa na buhun siminti.

A tsallaken titi, daidai ƙofar gidan, wata dattijuwa mai suna Maimuna tana gasa masara. Ta ce maigadin ya fita a ƙafa tun kafin ƙarfe ɗaya, har ya gaishe ta. Alhaji, wato Injiniya, ya fito wajen biyu, a ƙafa shi ma, da darduma a kafaɗa, yana sauri. Mota ba ta shiga ba, ba ta fita ba. Sai dai ta yi gaskiya, ta ce ta ɗan shiga gidan maƙwabta ta yi azahar, kamar minti goma sha biyar. Bara'atu ta sayi masara biyu ta ba Kofur ɗaya. Minti goma sha biyar ya isa a loda mota, in an san abin da aka zo ɗauka.

Ana daf da magariba ta koma ofis ta sa aka fito mata da maigadin. Sunansa Isuhu, mutumin Tasawa, siriri mai furfura a gemu. Leɓensa na ƙasa ya kumbura. Ta juya ta kalli Kofur, Kofur ya kalli silin. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta san ba a tambaye shi komai ba kafin a mare shi, kuma ta san da ɗan wani ne da shayi za a kawo masa.

"Malam Isuhu, ina kayan?"

"Ranki shi daɗe, mi zan yi da batir? Ko ƙwan lantarki ya mutu ɗakina ban taɓa shi, sai an kira mai gyara."

"Me ya sa ka bar gida babu kowa?"

"Alhaji ya aike ni."

Ta ajiye biro. Isuhu ya yi bayani a hankali saboda leɓen. Shekara goma sha ɗaya yana gidan, kuma tsarinsu na Juma'a bai taɓa canzawa ba. Shi yakan je masallacin da ake tayarwa da wuri, ya dawo kafin ɗaya da rabi, sannan Alhaji ya fita zuwa nasa na ƙarfe biyu. Ta haka gidan ba ya zama babu namiji. Yau sai Alhaji ya ce ya tafi Unguwar Sarki ya karɓo masa ɗinki, ya yi salla a can. Da ya je tela ya ce shi bai yi da kowa za a zo yau ba, ɗinkin ko yankawa ba a yi ba.

"Ka faɗi wannan da aka kawo ka?"

"Na hwaɗa ma wancan," ya nuna Kofur da haɓa. "Ya ce ƙarya nika."

Babu wannan magana a fayil. Ta karɓi lambar telan ta kira shi a gaban kowa, tela ya tabbatar, har ya ce tare suka yi sahu da Isuhu. Ta so ta sake shi a take, amma DPO ya tafi gida kuma ba ya ɗaga waya. Ta aika aka sayo masa tuwo, ta gaya wa ɗan sandan da ke tsaron kanta cewa duk wanda ya ƙara ɗaga masa hannu da ita zai yi.

Mutum biyu ne a waje suka san da kayan: wanda ya jona su da wanda zai ɗauke su. Da sassafe ranar Asabar ta nufi Rafin Guza. Ruwan daren jiya ya cika lunguna, sai da suka bar mota a bakin titi suka taka. Yusha'u mai gyaran wuta yana ƙofar shagonsa yana warware wata fanka. Da ya ga kaki ya miƙe, da ya ji abin da ya faru ya koma ya zauna. Ya ce jiya tun hantsi yana kan rufin wata makarantar Islamiyya a unguwar yana ɗora sola, malamai huɗu suna ƙasa suna ba shi umarnin da bai nema ba, da su ya tafi masallaci, da su ya dawo. Kofur ya je ya tambaya ya dawo ya ce haka ne.

Sai ta nuna masa hotunan. Ya kalli na wayoyin ya yi dariya, ya ce wannan ɓarawo ɗan aljanna ne. Ɓarawon da ya sani filaya yake sawa ya datse, ya haɗa da wayar ya tafi, don jan ƙarfen da ke cikinta ma abin sayarwa ne. Da ya zo kan hoton makunnin sai dariyar ta tsaya. Ya faɗaɗa shi da yatsu ya daɗe yana kallo.

"Sufeto, wannan ba aikinmu ba ne, mu masu gyaran unguwa. Mu kashewa muke yi mu ce wa matar gida kada a kunna. Wannan aikin 'yan babban layi ne."

Ya ce ya yi shekara uku yana leburanci da su kafin ya buɗe shago. A wurinsu doka ce da ake koya wa mutum tun ranar farko. Kafin ka taɓa waya sai ka kashe makunni, ka kulle hannunsa, ka rataya jan kati. In babu kwaɗo ka sa waya, in babu kati ka yagi jan ƙyalle. Ma'anarsa akwai mutum a kan layi, ko akwai wayar da aka bari tsirara. Wanda ya ɗaura shi kaɗai ke kwancewa. Ya ce ya taɓa ganin an kori mutum daga aiki saboda ya cire katin wani.

"To in mutum ya gama aikinsa lafiya?"

"Sai ya cire abinsa. In ya bar shi, akwai abin da bai gama ba."

Ta ce ya ɗauko jakar kayan aikinsa ya biyo ta.

Tijjani direba a Unguwar Sarki yake, suka same shi yana ɗaure buhunan da zai tafi da su Jibiya. Daga can masu babura ke shiga da kaya ta daji. Ya ce motarsa jiya tana wurin bakanike a kwance, an sauke giyarta, sai bayan isha aka haɗa, kuma ga bakaniken nan a bakin layi in tana so ta tambaya. Ya cika ya batse. Ya ce yayansa yana da mota guda ta albasa a bakin iyaka, mako biyu ke nan, warinta ya hana mutane tsayawa kusa. Manya suna faɗansu a talabijin, talaka yana kwashe ruɓaɓɓiyar albasa da shebur.

Ta bar shi ya huce, sannan ta tambaye shi ko wani ya yi masa maganar kayan Hajiya Na'ima ban da ita. Ya ci gaba da jan igiya. Ta maimaita.

"Maigidanta ya kira ni ranar Alhamis," in ji shi. "Ya ce in ce mata motata ta lalace, ba zan samu zuwa ba sai wani makon."

"Ka ce masa me?"

"Na ce na riga na yi wa Hajiya alkawari. Tsohuwar nan na san ta, na sha furarta."

Bara'atu ta duba agogo, goma da rabi. Ta ce masa ya gama ɗaurinsa ya same ta a Unguwar Rimi ƙarfe goma sha biyu, ya bar wurin batura biyu a bayan mota. Ta biya ofis ta sa hannu ta fito da Isuhu a kan wuyanta, ba ta jira izinin kowa ba.

Injiniya bai ji daɗin ganin maigadin ba. Ya tambaya ko an zo a nuna inda aka ɓoye kayan ne, ta ce ƙwarai, abin da aka zo yi ke nan. Tun a mota ta riga ta gaya wa Yusha'u abin da zai yi, don haka suna shiga ya zame ya nufi wurin mita ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ba wanda ya lura. A Kaduna ɗaukewar wuta da rana tsaka ba labari ba ne, siton kuma ba shi da ƙwai a kunne.

Ta tara su a ƙofar siton: Injiniya, Hajiya Na'ima, Isuhu. Ta ce tana so ta gwada ko layin ɗakin yana aiki. Ta sa Kofur Sadiq ya shiga ya dafa kantar ƙarfen da hannu ɗaya, ya leƙa bayanta ko an yar da wani abu. Ita kuma ta kai hannu ta fara warware jan ƙyallen, ta murɗe siririyar wayar, ta ɗora babban yatsanta a ƙarƙashin makunnin.

"Kada ki kunna!" Injiniya ya daka tsawa, har ya yi taku biyu. "Kai, cire hannunka daga kantar nan. Akwai waya a baya tana taɓa ƙarfen, ba a naɗe ta ba."

Kofur ya yi tsalle ya fito. Bara'atu ba ta ɗauke yatsanta ba.

"Wace waya, ranka ya daɗe? Biyu muke gani, duk a naɗe."

Ta kira Yusha'u, ya zo ya ja kantar gaba. Ga ta nan kuwa, waya ta uku, siririya, bakinta tsirara yana jingine da ƙafar kantar. Kusa da ita ga ƙwaryar salatif da ya ƙare. Daga ƙofa ba mai iya ganinta, daga cikin ɗakin ma sai an ja kantar.

Bara'atu ta juyo ta fuskanci Injiniya. Muryarta ba ta tashi ba, amma Kofur da ya san ta ya matsa gefe.

Ta ce jiya da ta ga kwaɗo babu garin ƙarfe a ƙasa ta san da makulli aka buɗe ƙofar, aka je wani wuri aka yanke shi, aka dawo aka yar. Ta ce shekara goma sha ɗaya gidan nan bai taɓa zama babu kowa ranar Juma'a ba sai jiya, kuma shi ya aiki maigadi karɓo ɗinkin da ba a ɗinka ba. Daga ɗaya saura zuwa biyu shi kaɗai ne a gidan. Ranar Alhamis ya nemi direba ya yi ƙarya, direba ya ƙi. Wanda ya kwance kayan nan bai datse waya ba, ya jera notina, ya naɗe baki biyu, salatif ya ƙare masa a ta uku, lokacin salla kuma ya matso. Ɓarawo da tafiyarsa zai yi. Shi kuwa hannunsa ya saba, shekara talatin ana koya masa cewa ba a barin waya tsirara babu alama, sai ya ɗaure makunni ya rataya ja. A duk gidan nan, da maƙwabta, da waɗanda suka san da kayan, mutum ɗaya ne aka yi wa wannan horon.

"Mota ba ta fita ba, katanga ba a haura ba," in ji ta. "Kayan suna cikin gidan nan. A ba ni makullin gareji."

A garejin akwai motar Injiniya ta hawa, a can ciki kuma wata tsohuwar Fijo a lulluɓe da tamfol, wadda Hajiya ta ce ta shekara biyar ba ta motsa ba. Tayoyinta na baya sun fi na gaba nutsewa. A kan teburin aiki, ƙarƙashin matsin ƙarfe, garin kwaɗo yana ƙyalli, baro kuma yana jingine a bango. Makullin but ɗin yana cikin zoben makullansa. Da aka ɗaga murfin ga batura biyu da inbata, an sa tsohon bargo a tsakaninsu don kada su gogu.

Hajiya Na'ima ta dafa motar. Ba ta kalli kayan sosai ba, mijinta take kallo.

Da ya ga babu mafita sai ya koma lacca, amma wannan karon muryar ta yi laushi. Ya ce yana cikin kwamitin da ke sa ido a kan yanke layin, kuma ranar Talata za a zauna a kan ƙarin girmansa, matsayin da ya yi shekara tara yana jira. Akwai masu neman kujerar da suka san matarsa 'yar Maraɗi ce, suna jiran ya yi tuntuɓe. In aka ji cewa daga gidansa aka ɗauki kayan wuta aka tsallaka da su, a daidai lokacin da gwamnati ke matsa wa ƙasar, ya gama yawo. Ya roƙe ta ta jira ta ƙi. Kwana huɗu kawai yake so, ranar Laraba da kansa zai ce an gano kayan.

"Tukunyar iskar fa?" in ji Bara'atu. "Ka san ba za ta wuce gobe ba?"

Ya ce rai a hannun Allah yake.

"Shi kuma wannan?" Ta nuna Isuhu da leɓensa.

Ya ce da ya sa an sake shi daga baya, ai ba wani abu ba ne, kwana biyu ne.

A nan haƙurinta ya ƙare. Ta ce masa a shekara goma sha tara ta kama ɓarayi iri-iri, har da wanda ya saci akuyar makauniya, amma ba ta taɓa jin ƙyamar mai laifi irin ta yau ba. Ya ji tsoron kada wuta ta ja wani a sitonsa, ya tsaya ya yagi ƙyalle ya ɗaura, ya kuma tafi masallaci ya yi sahu, alhali ya kulle numfashin surukarsa a but ɗin mota, ya sa an kumbura bakin mutumin da ya tsare masa ƙofa shekara goma sha ɗaya. Ta ce zai bi ta ofis ya amsa laifin sata da na kai ƙarar ƙarya, in ya ga dama ya kira DPO a hanya, ita ta riga ta aika hotunan inda ya kamata. Kayan kuwa na Hajiya ne, takardar shago da sunanta, ta ɗauki hotonsu ta sa hannu ta miƙa mata. Inda za ta kai su ba aikin Bara'atu ba ne, ita ba jami'ar kwastan ba ce.

Sha biyu da kwata Tijjani ya yi hon a waje. Isuhu ya buɗe masa ƙofa, sannan ya shiga ɗakinsa ya fito da buhunsa da butarsa da rediyonsa, ya ce a rage masa hanya zuwa Jibiya. Shi da Yusha'u suka ɗauki baturan ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta shiga ciki, ba ta yi minti goma ba ta fito da mayafi da ƙaramar jaka, ta buɗe gaban motar.

Sai a lokacin Injiniya ya gane ba kayan kaɗai za su tafi ba. Ya ƙwace daga hannun Kofur ya zo jikin tagar, ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji.

"Na'ima, ki yi wa Allah. In kayan nan suka tsallaka, ranar Talata me zan ce musu?"

Ta gyara jakar a cinyarta. Shekara ashirin da shida tana Hausar Kaduna, amma da ta buɗe baki harshen Maraɗi ne ya fito.

"Ka ce masu, sata anka yi," in ji ta. "Ai ka iya."

Ta ɗaga gilashin, ta ce wa Tijjani su tafi, rana tana yi.